Kyan Rubutuna Ne Ya Tona Mata Asiri

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai ne domin a wancan zamanin ba na yin komai sai na dubi agogo na rubuta. Edita, na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko wa wannan fili, galibinsu akwai wanda ya cuce su. Nawa ba haka yake ba. Ni ce na yi ɓarnar, da alƙalami na yi ta, rabi da kyakkyawar niyya, rabi da mummunan zato. Ba zan faɗi sunan kowa ba, har da nawa, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Lokacin shekaruna goma sha tara, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ba mu jiharmu ba tukuna. Mahaifina malamin firamare ne a Malumfashi, shi ya koya mini rubutu da kansa, da rula a hannunsa. Harafi ɗaya ya karkace, sai in sake shafin gaba ɗaya. Na tashi ba ni da abin taƙama sai wannan rubutun da karatun littattafai. Kunya kuwa ta yi mini yawa har ta zama cuta. A aji in ban gane abu ba, na gwammace in yi kwana uku ina bincike a littafi da in ɗaga hannu in yi tambaya ana kallona. Ina da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun rigata, duk abin da na gani sai in rubuta shi da lokacinsa, da agogon da Baba ya saya mini ranar da aka ɗauke ni makarantar.

Da kaka ta fara shigowa aka rarraba mu ƙauyuka aikin koyo na wata shida. Ni aka tura ni wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye bayan Tsiga, ɗaki biyu da baranda, da benci uku a gindin darbejiya. Mai riƙe da wurin wata ungozoma ce da kowa ke kira Sista, ta haura arba'in. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma ita a Funtuwa aka haife ta, in tana zuba Hausa da karin magana sai tsofaffin garin su riƙe baki. Mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. Tun ranar farko ta raɗa mini suna Malama Mai Agogo, ta ce wai ba ta taɓa ganin yarinyar da ke gaisuwa da ido ba, ko bakin nawa na aro ne ake tsoron ya lalace. Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fara ɓata mini rai da ita shi ne rubutunta. Kowace mai zuwa awo tana da katin da take tafiya da shi gida, a kansa ake rubuta abin da aka ba ta. Rubutun Sista a katunan nan kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. Ni da aka koya wa cewa kati amana ne, dole duk ma'aikacin da ya ɗauka ya iya karantawa, sai abin ya riƙa ci mini rai. Daga nan na fara lura da wasu abubuwa. Akwai matan da in ka tambaye su me suke karɓa sai su ce maganin ƙarin jini, amma gwangwanin maganin ƙarin jinin da ke kan tebur ba ya raguwa yadda ya kamata. Waɗannan matan ba a kan tebur ake sallamarsu ba. Sai Sista ta ja su bayan labule, ta buɗe wata kwaba da makullinta ke ɗaure a ƙugunta, a yi ƙus-ƙus, su fito suna cusa wani abu a cikin goyo. In na matso sai a yi shiru, ko ta aike ni in duba ko allurai sun tafasa.

A makaranta wani malaminmu ya taɓa ja mana kunne a kan ma'aikatan da ke zubar wa mata da ciki a ɓoye, ya ce duk wanda ya gani ya yi shiru, shi ma yana da hannu. Maganar ta zauna mini. Sai ga shi wata rana da hantsi wata yarinya ta shigo a duƙe, tana dafa bango. Sista ta dube ta sau ɗaya, ta miƙo mini bokiti ta ce in je rijiya, ta rufe ƙofa. Da na dawo na hangi kwano cike da tsummoki jina-jina, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Yarinyar ta fi awa guda a ciki, kuma ba a buɗe mata kati ba. Na rubuta lokacin shigarta da na fitarta. A ranar na yanke hukunci a zuciyata cewa Sista zubar da ciki take yi, kwabar nan kuma kayan aikin ne a cikinta. Ban tambaye ta ba. Tare muke cin tuwo a kwano ɗaya, ina kallon hannunta ina tunanin abin da yake aikatawa, in na koma ɗaki in ƙara shafi.

A cikin matan bayan labulen akwai wadda nake kira Yaya, domin haka ta ce in riƙa kiranta. Matar wani manomin auduga ce, siririya, mai fara'a, ba ta kai talatin ba. Haihuwarta shida a shekara takwas, uku ne a raye, na ukun yana goye a bayanta, bai wuce wata takwas ba. A haihuwarsa ta zubar da jini har aka fitar da rai da ita. Ita kaɗai ce a garin ke iya sa ni magana. Takan kawo mini dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a bakin zane, ta ce wai duk namijin da zai aure ni sai ya haɗa da tafinta, ko kuma a ba shi littafin nan na aljihuna a matsayin gara. Ina sonta, shi ya sa nake jin haushin ganin Sista tana jan ta bayan labule. A ganina yaudararta ake yi.

Ranar Talatar da na faɗa, aka zo da babur aka ɗauki Sista zuwa wata naƙuda a wata unguwa mai nisa. Cikin sauri ta canza zane ta bar makullin a kan gado. Ba ta daɗe da tafiya ba Yaya ta shigo, ta ce maganinta ya ƙare, kuma ba lallai ne a sake barinta ta fito a makon ba, domin ana tsinkar auduga, ita ke dafa wa masu aiki abinci. Na ce ta jira Sista. Ta ce ai ba wani abu ba ne, yana nan a kwaba a ƙulle, nata shi ne mai jan zare. Na dubi agogo, na ɗauki makullin, na buɗe kwabar. Ban sami ƙarafan da nake zato ba. Ƙananan ambulan ne a jere, kowanne da zarensa, ja, baƙi, shuɗi, kore, a cikin kowanne ƙwayoyi farare da 'yan jajaye kaɗan. A can ƙasa na ga tarin fankon ledojin da aka ɓare su daga ciki, na karanta sunan. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ne, waɗanda a lokacin ba a daɗe da fara kawo su ƙananan asibitoci ba. Jajayen kuwa maganin ƙarin jini ne na gaske, da su ake haɗo su.

Ya kamata hankalina ya kwanta, amma mai zargi ba ya ƙoshi. Sai na ce a raina, wadda ta ɓoye wannan, ta raba magani da ledarsa, ta rubuta ƙarya a kati, me kuma ba za ta ɓoye ba? Katin Yaya ya cika, babu sauran layi, dole a buɗe sabo. Na zauna na ja layi da rula. Ta tsaya a kaina ta ce in rubuta mata irin na Sista. Na ji ta sarai, na kuma gane akwai wani abu a cikin maganar, amma na ce mata irin na Sista ai ba rubutu ba ne. Na rubuta ainihin sunan maganin da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa na ƙara da Hausa cewa na tazarar haihuwa ne, ɗaya kullum. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ba don ƙa'ida kaɗai na yi ba. Ina so ne duk ranar da aka zo bincike a ga bambanci tsakanin hannuna da nata. Yaya ba ta yi boko ba. Ta karɓi katin ta ɗaga shi sama tana yabawa, ta ce kai, kamar na cikin littafi, ta naɗe shi ta sa a goyo. Da Sista ta dawo na ce mata Yaya ta zo na ba ta mai jan zare. Ta kalli makullin, ta kalle ni, ta ɗaure shi a ƙugu. Maganar sabon kati kuwa ban yi ba.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne inda kati ke kwana. A garuruwanmu takardar mace a hannun mijinta take zama, cikin gafaka ko ƙarƙashin katifa, tare da sauran takardun gida. Bayan kamar mako uku mijin Yaya ya kai audugarsa fuloti, inda ake sayen auduga, aka auna, ya wuce Funtuwa sayayya. Mutumin nan yana son matarsa. Ya ɗauki katin ne don ya sayo mata maganin ƙarin jinin da yawa, ya hutar da ita tafiyar asibiti da goyo. Ya miƙa wa wani mai kemis. Da tsohon katin ne, da mai kemis ɗin ya juya shi ya ce ba ya ganewa, a koma inda aka rubuta. Wannan kuwa ko ɗan aji uku zai karanta. Ya karanta masa da ƙarfi, shagon cike da mutane, har da biyu 'yan garinsu, ya ƙara da tsokana wai Malam ya gaji da yankan ragon suna ne.

Washegari da safe mijin ya iso asibiti a kan keke, ya jefar da shi a gindin darbejiya, matan awo suna zaune. Bai yi zagi ba. Ya ce shi da ya yarda da mu ya bar iyalinsa tana fitowa, ashe zuriyarsa ake kashewa, kuma aka sa shi ya ɗauki shaidar a aljihunsa ya kai kasuwa a yi masa dariya. A lokacin jita-jita ta cika gari cewa duk wadda ta sha ƙwayar nan ta gama haihuwa har abada. Sista ta karɓi katin ta daɗe tana dubawa, ta juya bayansa, ba ta ko kalli inda nake ba. Ta ce Malam ya zauna ta yi masa bayani, maganin hutar da mahaifa yake yi, ba kashe ta ba, ko gona ma ai ana barinta ta huta. Ta tuna masa jinin da matarsa ta zubar, ta ce sau biyu tana aika masa ya zo su yi magana bai zo ba. Ya ce da an tare shi an faɗa masa a fuska, wataƙila da ya ji, amma yanzu an riga an mai da shi abin nuni. Ya tambaya wa ya rubuta. Na riƙe gefen tebur. Sista ta ce asibiti ne ya rubuta, kuma ita ce asibitin. Ya karɓi katinsa, ya ce ƙafar matarsa ba za ta sake taka wurin nan ba.

Na jira faɗa, bai zo ba. Cewa kawai Sista ta yi in ɗora allurai a wuta. Daga ranar ba ta sake kirana Malama Mai Agogo ba, ba ta sake yi mini maganar da ba ta aiki ba. Garin kuwa ya rikice da zargi. Maza suka riƙa kwasar katunan matansu suna kai wa hedimasta ya karanta, shi kuma ya rasa gane ko ɗaya, amma zaton kaɗai ya isa a hana mata fita. Bencinan da ke cika ranar awo suka koma mutum biyu, uku. Matan da suka rage suna shigowa suna waige-waige, kowace tana zargin 'yar uwarta. Ambulan masu zare suka yi ta zama a kwaba ba mai ɗauka. Ni ma zargin ya juyo kaina. Duk wanda ya gaishe ni sai in ga kamar ya sani, duk dariyar da na ji a bakin rijiya sai in ɗauka da ni ake. Kullum ina shirya yadda zan ba Sista haƙuri, kullum in na buɗe baki sai in rufe.

Cikin bazara, saura mini mako biyu in gama, bayan azahar aka kawo Yaya a keken shanu, an lulluɓe ta da zane duk da zafin ranar. Jikinta kamar garwashi, zanen ƙarƙashinta ya jiƙe. Sista ta rufe ƙofa, amma wannan karon ba ta miƙo mini bokiti ba, ta ce in wanke hannu in riƙe fitila. A nan na ji abin da ya faru, Yaya tana faɗa da ƙyar. Ta yi ɓatan wata biyu, ga yaro yana shan nono. Abin da ake kira kwanika ke nan, ciki a kan goyo, abin da mata ke yi wa juna gori a kansa a gidan biki. Yaron ya fara gudawa, tsofaffi suka fara cewa ko nonon ciki yake sha. Amma ta ce ba gorin ne ya fi tsorata ta ba, jinin nan ne na haihuwar baya, tana ganin in ta sake kwanciya naƙuda ba za ta tashi ba, wa zai riƙe mata ukun nan? Asibiti an hana ta. Sai wata mata a wata unguwa ta ba ta jiƙe-jiƙe, da ba su yi ba ta yi mata wani abin da ba zan bayyana a nan ba. Kwana huɗu tana ɓoye zazzaɓin.

Ina tsaye ina kallon Sista tana aiki, kwanon nan ne dai, tsummokin nan ne dai, sai na gane abin da na hanga a wancan hantsin. Ba ta taɓa zubar wa kowa da ciki ba. Ɓarnar da aka yi a gida take gyarawa, ba ta buɗe kati ne don kada asirin yarinyar ya fita. Shafukan da na cika a kanta duk ƙarya ce da aka rubuta da lokaci daidai. Ta sa wa Yaya ƙarin ruwa, ta ce wannan ya fi ƙarfinmu. Aka samo akori-kura daga Tsiga muka nufi babban asibitin Malumfashi, mijin yana riƙe da ledar ruwan a sama har muka isa, bai sauke hannu ba ko sau ɗaya. Shi ya ba da jini. An ceto ranta, amma sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya. Da aka faɗa masa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi.

Bayan kwana biyar na je duba ta da ɗan lemo. Ta rame, amma da ta gan ni ta yi murmushi ta ce ga 'yar ƙanwarta mai littafi. Muna cikin magana ta ce abin da ke ɗaure mata kai shi ne yadda aka yi asirin ya fita. Ba ta yarda da zancen mai kemis ba, domin ko ƙanen mijinta da ke sakandare ya taɓa gwada karanta katin asibitin nan ya kasa. Ta ce ita ta san wadda ta kai tsegumi, maƙwabciyarta ce da suke zuwa awo tare, kuma ta rantse ba za ta sake shiga gidanta ba. Ina zaune a bakin gadonta, hannunta yana cikin nawa, na bar ta a kan wannan zaton. Na gyara mata matashi na ce Allah ya ƙara sauƙi.

A ƙauye kuwa labarin ya juye. Aka ce ga shi nan, ƙwayar Sista ta cinye mahaifar matar, wasu suka ce ita ce ma ta zubar da cikin a ɓoye. Zargin da na daɗe ina reno a aljihuna ya fito bakin kowa a daidai lokacin da na tabbata ƙarya ne. Aka turo wani babba ya yi bincike, ya kira ni ni kaɗai, ya ce an ce ni yarinya ce mai lura, ko na ga wani abu? Littafin yana aljihuna. A cikinsa akwai shaidar cewa tun waccan Talatar Yaya ba ta sake zuwa wurinmu ba sai ranar da aka kawo ta a keken shanu. Amma a cikinsa kuma akwai shafukan zargin Sista, da layin ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, inda na rubuta da hannuna cewa ni na buɗe sabon kati. Ba yadda zan wanke ta ba tare da na tona kaina ba. Na sunkuyar da kai na ce ban san komai ba. Ba a sami hujja a kanta ba, amma aka ce zamanta a garin ba zai yiwu ba, aka ɗauke ta. Ni kuwa na koma makaranta, na ci jarrabawa, har aka yaba tsabtar rahotona.

Yau shekara huɗu ke nan ina aiki, ni ma ina da kwabata. Ba na cewa ɓoye-ɓoye shi ne daidai. Da an daure an zauna da mijin Yaya tun farko, wataƙila da ba a kai nan ba, shi ya sa yanzu nake bin maza har gona in ana bukata, duk da kunyata. Ga 'yan uwana masu koyon aikin nan, in kun tarar da babba yana yin abu a karkace, ku tambaya kafin ku miƙe shi, domin wani karkacen jingina ce, in ka gyara shi gini ya faɗi. Kuma kafin ku sa alƙalami a takardar mace, ku tuna hannun da za ta faɗa. Ga maza, in matarka ta ce ta gaji, ka saurare ta a ɗaki tun kafin ka ji a kasuwa, kada kuma fushi ya sa ka rufe mata ƙofar asibiti, domin in ka rufe wannan akwai wata a bayan gari da ba ka gani. Ga mata, don Allah, duk tsananin tsoro ko gori, kada ku miƙa jikinku ga mai jiƙe-jiƙe, kuma in zazzaɓi ko jini ya zo, kada ku ɓoye ko na yini ɗaya. Na aika wa Yaya da saƙon gaskiya ta bakin wata 'yar garinsu, na ce maƙwabciyarta ba ta da laifi. Har yau ba ta aiko da amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bara na sami labarin Sista ta bar aiki, tana zaune a rumfar atamfa ta mahaifiyarta a kasuwar Funtuwa. Sau uku ina zuwa bakin layin ina juyawa, a na huɗu na shiga. Ta gane ni tun daga nesa, ta ce a'a, Malama Mai Agogo, ƙarfe nawa yanzu? Na durƙusa na ce Mama, na zo neman gafara ne. Na faɗa mata komai, har littafin da abin da na yi a gaban mai bincike. Ba ta yi mamaki ba. Ta zare biro daga aljihuna, ta jawo takardar naɗe kaya ta rubuta layi biyu ta miƙo mini. Ban taɓa ganin rubutu mai kyansa ba, ko na Baba bai kai ba. Ta ce sai da ta yi shekara biyu tana koyon ɓata shi yadda ba mai iya karantawa sai ita. Daga nan na yi tambayar da ta daɗe tana hana ni sakewa, tambaya ta farko da na taɓa yi mata. Na ce, Mama, muna ci a kwano ɗaya, me ya hana ki gaya mini tun farko? Ta daɗe tana ninke wata atamfa kafin ta ɗago.

"Tsoronki nake ji, 'yata," in ji ta. "An kawo mini yarinya ba ta tambaya, sai kallo da rubutu. Na zaci turo ki aka yi ki kai rahoton matan nan. Kullum ina jira ki ce, Sista, mene ne a kwabar nan? Wallahi da kin tambaya sau ɗaya, da na buɗe miki."